Kafin a Ɗora Lambobin Jama'a: Lacca Kan Jadawalin Masu Ciniki da Tallar Saƙon Waya

 Iyayenmu malamai, dattawan zango, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwana 'yan kasuwa, da ku samari da 'yan mata da kuka fi mu sanin kan waya da kwamfuta, ina gaishe ku, ina kuma gode muku da kuka rufe rumfuna da shaguna kuka taru a nan Tanghin. Abin da zan yi magana a kai yau, a ido ƙarami ne, don aikin minti biyar ne. Ɗan kasuwa yana da jadawali a cikin Excel, suna a gefe, lambar waya a gefe, layi bayan layi. Sai ya shiga wurin kamfanin da ke sayar da saƙonnin tes a sari, ya ɗora jadawalin, ya rubuta tallarsa, ya danna, saƙo ya faɗa wayoyi dubu kafin shayi ya huce. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, a cikin wannan minti biyar ɗin ake yanke hukunci mafi nauyi a duk harkar, tun kafin a rubuta kalma ɗaya ta talla. Lambar da mutum ya ba ka amana ce ya damƙa maka don wata buƙata da ya sani, kuma jadawalin da bai nuna wanda ya yarda a aika masa ba, da ranar da ya yarda, jadawali ne da zai ci kuɗinka ya kuma ci sunanka.

Mu mutanen zango na Wagadugu muna da dalili na musamman da ya sa ya kamata mu san darajar lamba fiye da kowa. A watan Mayu na 2003 gobara ta cinye babbar kasuwar Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai a 2009. A cikin wannan shekarar ta 2003 kuma aikin sake gina tsakiyar gari da ake kira ZACA ya rushe Zangouettin, tsohuwar unguwar Hausawa da ke tsakiyar gari, tare da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, aka ba mutane filaye a wajen Ouaga 2000 da Nioko, wasu kuma suka watsu cikin unguwanni daban-daban. Ku duba abin da wannan ya yi wa ciniki. A da, adireshin mai kilishi shi ne kwanar da yake zama, adireshin tela shi ne ƙofar gidan su wane, adireshin mai turare shi ne layi kaza a kasuwa. Da aka wayi gari babu kwanar, babu gidan, babu layin, sai mai saye ya rasa inda zai sami mai sayarwa, shi ma mai sayarwa ya rasa inda masu cinikinsa suka nufa. Shekara shida bayan haka, ranar 1 ga Satumba 2009, ruwan da ya sauka a garin nan ya shiga gidaje ya jiƙa duk abin da ke kan takarda. Tun daga wancan zamani, abin da ya fi rumfa tabbata, ya fi takarda jure wa wuta da ruwa, shi ne lambar waya. Ita ce ta zama ƙofar gidan mutum, wadda take binsa duk inda ya koma. Don haka duk wanda ya tara lambobin mutane ɗari biyar, ya sani ƙofofin gidaje ɗari biyar ya tara.

Tara sunayen abokan hulɗa kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fataken da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro, waɗanda wasu hanyoyinsu suka ratsa ƙasar Moshi, da irin wannan sani suka yi kasuwanci. Madugu ya san wanda zai sauka wurinsa a kowane zango, maigida ya san baƙonsa ya san masu sayen kayan baƙon, dillali ya san wanda ke biya da wanda ke ja. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi bincike a Sabo ta Ibadan ya buga littafinsa a 1969, ya nuna yadda cinikin shanu da goro na Hausawa ya tsaya a kan bashi da yarda, maigida yana tsaya wa mai saye da mai sayarwa da sunansa. Wannan jadawali ne, sai dai a ka yake, kuma yana da wata siffa da jadawalin kwamfuta ba shi da ita: ba ya rabuwa da mai shi. Maigida ba zai iya kwafe abin da ya sani ya sayar wa baƙo a kan sefa dubu biyar ba, kuma kowane suna da ke kansa yana tare da tarihinsa, wato yadda aka haɗu da abin da aka yi alkawari. Excel yana riƙe lambar, amma tarihin ba ya shiga sai in kai ka rubuta shi da hannunka. Duk matsalar da za mu tattauna daga nan ta fito.

Bari in fara da ɓarnar da kwamfuta ke yi, don ita ce mai sauƙin gani. Lambobin Burkina takwas ne, kuma da yawa daga cikin sababbin layuka da sifiri suke farawa, kamar masu 01 da 02 na Moov Africa, ko masu 06 da 07 na Orange. Excel kuwa an gina shi ne don lissafi, duk abin da ya gani na alƙaluma sai ya ɗauka adadi ne, adadi kuma ba ya farawa da sifiri. Idan ka rubuta lambar a haɗe, sai ya share sifirin ba tare da ya gaya maka ba, lamba mai takwas ta koma bakwai, saƙo ya tafi babu inda zai sauka. Alamar tarawa da ake sawa kafin 226, lambar ƙasarmu, ita ma yakan haɗiye ta. Sannan mu mutanen zango cinikinmu bai tsaya a ƙasa ɗaya ba. Mai shago guda yana da masu ciniki a Yamai da Maraɗi masu 227, a Kumasi masu 233, a Kano masu 234, a Bamako masu 223, a Lome masu 228. Ƙa'idar kuwa ba ɗaya ba ce: a Najeriya da Gana ana jefar da sifirin farko idan an sa lambar ƙasa, a Burkina sifirin ɓangare ne na lambar kanta, ba a taɓa shi. Yaron da ya koyi aiki a Kano ya zo ya share sifirai a jadawalin Wagadugu, ya lalata shi da kyakkyawar niyya. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne, Mali da Nijar da Togo su ma lambobi takwas suke da su, kuma lamba mai farawa da 76 akwai ta a Mali akwai ta a nan. Idan ba a rubuta ƙasar ba, na'urar aikawa za ta liƙa mata 226, saƙon da aka nufi abokin ciniki na Bamako ya faɗa wayar wani bawan Allah a Bobo wanda bai taɓa jin sunanka ba.

Akwai sauran tarkuna. Lambar Najeriya idan an haɗa ta da 234 takan kai alƙaluma 13, Excel kuma idan alƙaluman adadi suka kai 12 sai ya taƙaita shi ya nuna wani abu mai harafin E a tsakiya. Idan aka adana fayil ɗin a tsarin CSV yana cikin wannan hali, aka rufe, alƙaluman ƙarshe sun tafi ke nan. Kwamfutocinmu na nan mafi yawansu da Faransanci aka saita su, suna raba ginshiƙai da waƙafi mai ɗigo, alhali wasu na'urorin aikawa waƙafi tsura suke jira, sai suna da lamba su dunƙule a gida ɗaya. Mutum guda kuma yakan fito sau uku, sau ɗaya da sunansa, sau ɗaya da laƙabinsa, sau ɗaya da sunan sana'arsa, a biya kuɗin saƙo uku a dame shi sau uku. Kada wani ya ce wannan kuskuren marasa ilimi ne. A watan Oktoba na 2020, lokacin annobar korona, hukumar lafiya ta Ingila ta rasa sakamakon gwajin mutum 15,841 da suka kamu, saboda an zuba bayanai a tsohon tsarin Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Abin da ya wuce iyaka ya zube, babu ƙararrawar da ta kaɗa. Maganin duk waɗannan sananne ne kuma ba ya cin kuɗi: a saita ginshiƙin lamba a matsayin rubutu tun kafin a sa komai a ciki, a rubuta kowace lamba da lambar ƙasarta, a cire maimaici, a gwada da layi goma kafin a ɗora dubu.

To amma ko an gyara duk wannan, jadawali yana tsufa kamar yadda goro ke bushewa a cikin huhu. A ranar 31 ga Janairu 2021 Kwaddibuwa ta mayar da lambobinta goma, Benin ta bi sahu a ƙarshen Nuwamba 2024, saboda haka duk lambar Abijan ko Kwatano da aka rubuta kafin nan sai an gyara ta. A nan gida, a watan Oktoba na 2023 gwamnati ta rage yawan layukan da mutum ɗaya zai mallaka a kamfani guda daga biyar zuwa biyu, wanda ke nufin mutane da yawa sun saki layukan da suka taɓa bayarwa. Layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba kuwa, kamfani yakan karɓe shi ya sayar wa wani. Ga kuma waɗanda rashin tsaro ya raba da garuruwansu, waɗanda ƙididdigar hukuma ta nuna sun haura miliyan biyu a farkon 2023, da yawansu wayar da layin duk sun salwanta a hanya. Ga waɗanda Allah ya yi wa rasuwa, wayar tana hannun matar ko ɗan. Ku yi tunanin matar da ke takaba, wayar mijinta ta yi ƙara, ta duba ta ga an kira sunansa ana yi masa tallar shadda. Kwamfuta ba za ta taɓa gane wannan ba, don lambar daidai take, alƙalumanta takwas cif. Wanda zai gane shi ne ɗan kasuwar da ya san mutanen da ke cikin jadawalinsa ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan sani ba ya samuwa a jadawalin da aka saya ko aka kwaso daga wani wuri.

Wannan ya kawo ni ga ginshiƙin da ya fi kowane muhimmanci, wanda galibi babu shi: ginshiƙin yarda. Bayan suna da lamba da ƙasa, a buɗe gida na huɗu a rubuta ranar da mutumin ya ce a riƙa aika masa, da inda ya faɗa, a shago ne ko a kara ko ta waya. Duk layin da wannan gida nasa yake fayau, ba a ɗora shi. Doka ma a nan ta tsaya. Burkina tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka yi dokar kare bayanan mutane, ranar 20 ga Afrilu 2004, aka kafa hukumar CIL don lura da ita, wadda ta fara aiki a 2007. A ranar 30 ga Maris 2021 aka yi sabuwar doka da ta maye gurbin ta farko. Tushenta shi ne, ba a sarrafa bayanin mutum sai da yardarsa ko da wani dalili da doka ta amince da shi, ba a tattara shi don wani abu a juya shi zuwa wani, kuma mai bayanin yana da ikon ya ce a daina. Lambar waya haɗe da suna bayanin mutum ce, babu tantama. Maƙwabtanmu ma haka suka nufa. A Najeriya tun 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta buɗe lambar 2442 don mutum ya toshe saƙonnin talla, a 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanai ta ƙasa. A Amurka dokar 1991 ta ba wanda aka aika wa irin wannan saƙo ba da izininsa ba damar neman diyyar dalar Amurka 500 a kan kowane saƙo guda, takan ninka har uku idan da gangan aka yi.

Na san abin da wasunku ke cewa a zuci, kuma magana ce mai nauyi. Za a ce talla tun asali ba ta neman izini. Yarinya mai tallar fura ba ta tambayar kowa kafin ta ɗaga murya, mai goro yana kiran duk wanda ya gifta, rediyo yana talla a kunnen kowa. Me ya sa sai saƙon waya za a ce a nemi yarda? Amsar tana cikin wurin da tallar ke faruwa. Wanda ya shigo kasuwa ya shigo da ƙafarsa, ya san za a kira shi, in ya ga dama ya wuce. Mai rediyo yana iya murɗa tasha. Ita kuwa waya tana cikin aljihu, tana gefen matashin kai da dare, tana cikin ɗakin matar aure, tana tare da mutum a asibiti da masallaci. A al'adarmu mai talla yana tsayawa a ƙofa ne ya yi sallama, namiji baligi ma ba ya wuce zaure sai an ce ya shigo. Malamanmu da ke zaune a nan sun fi ni sanin cewa Suratun Nur ta yi umarni da neman izini kafin shiga gidan da ba naka ba, ta kuma ce in an ce ka koma, ka koma, hadisi kuma ya iyakance neman izinin ga sau uku. Ba ina cewa saƙon tes daidai yake da tsallaka katanga ba, wannan hukunci na malamai ne. Ina cewa ne ladabin da muka gada ya riga ya bambanta kiran mutum a fili da binsa har cikin ɗaka, kuma jadawalin da aka ɗora ba da yarda ba yana bin mutum dubu har cikin ɗaka a lokaci guda.

Wani kuma zai ce, doka tana takarda, wa zai kai mai sayar da raguna ƙara don ya aika saƙo? Watakila babu. Don haka bari mu bar doka mu yi lissafin kasuwa, wanda kowa a nan ya iya. Saƙon tes guda yana ɗaukar harafi 160, amma da sharaɗin haruffan suna cikin jerin da aka tsara wa wayoyin GSM tun farko, jerin da aka yi shi don harsunan Turai. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, ba sa ciki, haka ma wasu haruffan Moshi, har da wasu na Faransanci masu hula a ka. Da zarar ɗaya ya shiga, saƙon duka sai ya koma wani tsari mai ɗaukar harafi 70 kawai, in kuma ya yi tsawo a yanka shi gunduwa-gunduwa masu 67, kowace da kuɗinta. Tallar Hausa mai harafi 150 da aka rubuta da ƙa'ida saƙo uku ce a wurin biya. Yanzu mu ƙaddara, don misali kawai, ana sayar da saƙo sefa 20. Wanda ya sayi jadawalin baƙi 5,000 ya aika musu wannan talla ya kashe sefa 300,000, a kan mutanen da bai san ko suna raye ba, ko suna garin, ko suna jin Hausa. Wanda ya aika wa mutum 400 da suka taɓa sayen rago a hannunsa a karar Tanghin suka kuma ce a sanar da su, ya kashe 24,000. Na farkon yana fatan a cikin baƙi a sami mai buƙata. Na biyun ya san kowa a cikinsu zai yi layya, ya san ma irin ragon da kowa ke so. Kuma asarar na farkon ba ta tsaya a kuɗin saƙo ba, domin sunan shagonsa ne a saman tallar da ta ɓata wa dubban mutane rai, su kuma waɗannan mutane suna da baki.

Akwai ƙorafi na uku wanda ya fi sauran kama da gaskiya, shi ya sa zan daɗe a kansa. Ɗan kasuwa zai ce, ni ban sayi lambar kowa ba, duk waɗanda ke cikin littafina da hannunsu suka ba ni. Gaskiya ne sun bayar, amma don me? Hajiya ta bar lambarta wurin tela don ya kira ta in ɗinki ya kammala. Magidanci ya bar tasa a littafin bashi don a tuna masa ƙarshen wata. Wani lambarsa ta fito ne a wayarka don ya biya ka ta Orange Money ko Moov Money. Wani yana cikin jerin 'yan adashi, wani cikin jerin masu ba da gudummawar masallaci ko ta biki. Kowane ɗayansu ya buɗe maka ƙofa don abu guda. Idan ka kwashe su duka ka zuba a jadawali ɗaya ka ɗora, ka mayar da izinin abu guda izinin komai. Wanda aka ba ajiyar buhun gero ba ya ɗiba ya ce ai da hannunsa ya kawo. Jerin masallaci da na adashi su ne suka fi damuna, domin wanda ke riƙe da su ya same su ne ta dalilin muƙamin da jama'a suka ba shi, kuma ranar da aka gane yana tallar shagonsa da su, ko ya ba ƙaninsa ya yi, ba shagon kaɗai zai rasa yarda ba, har adashin. Littafin bashi ma yana da nasa haɗarin, don idan aka ɗora shi yadda yake, da ginshiƙin abin da ake bin kowa, sirrin magidanta ya fita daga shago ya koma na'urar wani kamfani da ba mu san a wace ƙasa take ba. Gyaran kuwa ba wuya: tambaya ce ta numfashi ɗaya a lokacin ciniki. Alhaji, in sababbin kaya sun iso in turo maka saƙo? Mafi yawan masu ciniki na gaske za su ce e, har su ji daɗin an tambaye su. Wanda ya ce a'a, ya rage maka kuɗin saƙo.

Samari za su ce duk wannan tsohon yayi ne, yanzu WhatsApp ake yi, kuma da yawa daga masu cinikinmu ba sa karanta boko, saƙon murya suka fi so. Akwai gaskiya a ciki, kuma ɗan kasuwa mai hankali zai ƙara gida a jadawalinsa ya rubuta harshen da mutum ke ji da hanyar da ya fi so, Hausa ko Moshi ko Faransanci ko Fillanci, rubutu ko murya. Sai dai saƙon tes bai mutu ba, domin yana isa ƙaramar waya mai maɓalli, ba ya buƙatar intanet, yana isa ƙauyen da hanyar sadarwa ba ta da ƙarfi. Kuma sauya hanya ba ya sauya hukuncin. Wanda ya kwashi lambobi ya jefa mutane cikin zauren WhatsApp ba da saninsu ba ya yi abin da ya fi muni, don ya nuna wa kowa lambar kowa, har da ta matan aure da 'yan mata. Shi kansa kamfanin WhatsApp ya shardanta wa 'yan kasuwa samun yardar mutum kafin su fara tura masa saƙo, yana kuma rufe layin da aka yawaita kai ƙararsa. Haka nan ban karɓi hujjar cewa manyan kamfanonin waya su ma suna cika mana waya da talla ba. Suna yi, jama'a kuma suna ƙorafi. Amma kamfanin waya yana da abin da ke riƙe masa mutane ko sun ji haushi, tunda kamfanoni uku ne kacal a ƙasar, Orange da Moov Africa da Telecel. Mai atamfa yana da maƙwabta ashirin a layinsa masu irin kayansa.

Saura batun wanda ke riƙe da fayil ɗin. Yawancin iyayenmu ba da hannunsu suke wannan aiki ba. Ɗa ne, ko yaron shago, ko wani mai shagon kwamfuta a bakin titi da ake biya ya shigar da sunaye. Jadawalin yana yawo a kan makullin USB, ana tura shi ta waya, kwafi yana zama a kwamfutar da mutum hamsin ke taɓawa a yini. Yaron shago in ya tashi buɗe nasa shagon, da shi yake tafiya. Wannan a wurin ɗan kasuwa asarar masu ciniki ce, amma a wurin mutanen da ke ciki abin ya fi haka. Kowa a nan ya san saƙon nan na 'yan damfara, wanda ake cewa an turo maka kuɗi bisa kuskure ka mayar, ko ka ci wata kyauta ka aiko da lambar sirri. Yawan irin wannan ne ya sa ƙasar nan take da runduna ta musamman, BCLCC, mai yaƙi da laifukan intanet. Ɗan damfara da lamba kawai yake da ita, lalube yake yi. Wanda ya sami jadawalinka ya san suna, ya san unguwa, ya san Alhaji wane ya sayi rago na dubu ɗari biyu bara a wurin wane, zai kuma kira shi da sunanka. Don haka abin da ba a buƙata don aika saƙo kada a ɗora shi: suna da lamba sun isa, bashi da unguwa da yawan ciniki su zauna a gida. A sa wa fayil ɗin kalmar sirri, a san mutum nawa ke da kwafi, a goge na kwamfutar haya kafin a tashi. Kamfanin da za a ba lambobin kuma a tambaye shi a fili inda yake ajiye su, da ko yana goge su in an rabu.

Ga wanda ke son farawa kafin babbar salla mai zuwa, aikin daga kan teburin shago yake farawa, watanni kafin a taɓa kwamfuta. A ajiye littafi dabam, ba na bashi ba, duk wanda ya yi ciniki a tambaye shi, in ya yarda a rubuta sunansa da lambarsa da ƙasar layin da harshensa da kwanan wata. Ranar da za a shigar da su Excel, mai shagon ya zauna kusa da yaron, a karanta masa suna bayan suna, domin shi ne zai ce wannan ya rasu, wannan ya koma Pouytenga, wannan matar wane ce, mijinta ake kira. Saƙon farko ya fara da sunan shagon yadda mutane suka san shi, ya faɗi abu guda, ya ƙare da lambar da mutum zai kira ko ya tura kalma ɗaya in yana so a daina. Kada a aika da dare, kada a aika lokacin sallar Juma'a. Wanda ya ce a daina, kada a share layinsa gaba ɗaya, domin in an share, wata rana za a sake kwafo shi daga tsohon littafi. A bar shi a wani shafi na dabam mai ɗauke da waɗanda suka ƙi, kuma duk lokacin da za a sake ɗora jadawali, da wannan shafin za a fara gwada shi. Yanzu zan tsaya a nan don a yi tambayoyi, dattawa su fara.